Muhawara: Me ya haɗa mu da masu awon ƙanƙara a ƙuryar duniya?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu taɓa. Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna faɗin ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan teku a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. A arewa, wato yankin Aktik, ƙanƙarar da kan yi saura a watan Satumba, bayan zafi ya gama cin rabonsa, takan kai wajen murabba'in kilomita miliyan 7 a farkon shekarun 1980. A 2012 ta sauko zuwa miliyan 3.4. A kudu kuwa, a kewayen Antaktika, an daɗe ba a ga raguwa ba, har masu musun ɗumamar yanayi suka riƙa kafa hujja da ita. Daga 2016 sai ta fara ja da baya, a Fabrairun 2023 ta tsaya a miliyan 1.79, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awon. Masana cikinmu su yi mana bayani: yaya ake bibiyar waɗannan wurare, kuma abin ya shafe mu ko kallo ne namu?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Muna fama da tsadar taki da man fetur, ka kawo mana zancen ƙanƙarar da ko a mafarki ba mu taɓa takawa ba. Idan ta narke ai masu ita ne za su ji.

Ummi: Baba Alhaji a yi haƙuri, ni dai ina da tambaya. Wannan ƙanƙarar da Malam ya ce tana raguwa, ita ce ke sa teku yana cin gaɓa a Legas?

Injiniya Bashir: A'a ƙanwata, iri biyu ce. Ki jefa ƙanƙara cikin kofin zoɓo, ki sa alama inda ruwan ya tsaya. Bayan ta narke za ki ga bai wuce alamar ba, don tun tana yawo a ciki ta riga ta kama gurbinta. Haka ƙanƙarar kan teku take. Wadda ke ƙara wa teku ruwa ita ce ta kan tudu, wadda ta taru a tsibirin Girinlan da nahiyar Antaktika, kaurinta a wasu wurare ya haura kilomita 3. Ita idan ta narke ko ta zame cikin teku, sabon ruwa ne ya shigo. Ta Girinlan kaɗai, da za ta narke duka, teku zai tashi da kusan mita 7. Ta Antaktika kusan mita 58. Ba wanda ya ce gobe za a yi haka, amma ana asara kowace shekara.

Yadda ake auna asarar ne ya fi burge ni. A 2002 Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurari masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya a tazarar kusan kilomita 220. Idan na gaba ya iso saman wuri mai nauyi, ƙasa takan ɗan jawo shi, tazarar ta canja kaɗan. Da wannan ɗan canjin ake gane nauyin ƙanƙarar da ke ƙasa. Sun yi aiki har 2017, aka harba magadansu a 2018. Abin da suka nuna: Girinlan na rasa wajen tan biliyan 270 a shekara, Antaktika wajen biliyan 150.

Ummi: To idan ta kan teku ba ta ƙara ruwa, me ya sa ake damuwa da ita?

Dakta Hauwa: Sannunku. Ummi, tambayarki ita ce gindin maganar. Ƙanƙarar kan teku tana tsakanin iska da ruwa, kuma ita ke tsara abin da zai wuce daga ɗaya zuwa ɗaya. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ta, tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama. Buɗaɗɗen teku kuwa duhu gare shi, yana shanye fiye da kashi 90. Saboda haka duk inda ƙanƙara ta janye, ruwan wurin ya sha zafi duk tsawon bazara, ya makara wajen daskarewa, ƙanƙarar da za ta fito ta zo sirirya, baɗi ta narke da wuri. Wani bincike da masana na ƙasar Finlan suka fitar a 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya.

Kuma ba zafi kaɗai ba. Lokacin da ruwan teku ke daskarewa yana tofar da gishirinsa, ruwan da ke ƙarƙashi ya yi nauyi ya nutse, wannan nutsewar tana cikin abin da ke motsa ruwan tekunan duniya. A ƙarƙashin ƙanƙarar akwai gansakuka da ke manne, ƙananan halittu na kiwo a kanta, kifi na cin su, manya na cin kifin. Su kansu ƙananan tsirran teku suna fitar da wani sinadari mai farar wuta da ke tashi sama ya taimaka wajen haɗuwar gajimare, gajimaren kuma shi ke yanke yawan hasken da zai sauko. Kun ga mai awon iska shi kaɗai ba zai gane komai ba, haka mai awon ruwa, haka mai ƙidayar kifi.

Wannan ya sa aka yi tafiyar MOSAiC. A Satumbar 2019 jirgin ruwan Jamus mai fasa ƙanƙara, Polarstern, ya tashi daga Tromso a Norwe. Da gangan aka ɗaure shi jikin wani faifan ƙanƙara aka bar shi ya daskare, ƙanƙarar ta riƙa tafiya da shi. Sai Oktoban 2020 ya koma gida. Ɗaruruwan mutane daga ƙasashe 20 suka yi ta karɓa-karɓa, cibiyar binciken Jamus ta Alfred Wegener ce ta jagoranta. A wuri guda, a lokaci guda, wasu na sakin balan-balan mai na'ura sama, wasu na huda ƙanƙara, wasu na zura na'ura cikin ruwa, wasu na tace ruwa suna duba halittu, har cikin watannin da rana ba ta fitowa sam. Kafin su, awon hunturu daga tsakiyar Aktik kaɗan ne ƙwarai, don ba mai iya zuwa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, Fridtjof Nansen ɗan Norwe ya yi ta da jirgin katako mai suna Fram daga 1893 zuwa 1896.

Sadik: Anti Dakta, duk na ji. Amma mu daina yaudarar kanmu cewa son ilimi ne ke kai su. A 2007 Rasha ta tura jirgin ƙarƙashin ruwa ya kafa tutarta a ƙasan teku daidai ƙuryar arewa. A 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 13 cikin 100 na man da ba a gano ba a duniya da kashi 30 na iskar gas suna yankin Aktik. Ƙanƙara na janyewa, hanyar jiragen ruwa ta arewacin Rasha na buɗewa, ta fi ta mashigin Suwez na Masar gajarta tsakanin Turai da gabashin Asiya. Suna kuka da ido ɗaya, ɗaya idon na kan riba. Mai awon ƙanƙara ai ɗan leƙen hanya ne na mai haƙar mai.

Alhaji Garba: Yauwa ɗana. Ruwa ba ya tsami banza.

Dakta Hauwa: Sadik, abin da ka kawo na tuta da na man fetur gaskiya ne, ban musa ba. Inda muka rabu shi ne ka haɗa mai awo da mai haƙa a tukunya ɗaya. Alƙaluman da ake tunkarar kamfanonin mai da su a kotu da taron ƙasashe daga ina suke fitowa? Daga masu awon nan.

Kuma siyasar da kake magana a kai awon ta fi cutarwa. Kusan rabin gaɓar tekun Aktik na Rasha ne. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, haɗin gwiwa tsakanin masanan Rasha da na Yammacin duniya ya tsinke, bayanan tashoshin Saiberiya da yawa suka daina isa hannun sauran. A can ne kuwa mafi yawan daskararriyar ƙasa take, wadda ta shekara dubbai ba ta narke ba, tana riƙe da ragowar tsirrai da dabbobi. Kabon da ke cikinta an ƙiyasta ya kai kusan ninki biyu na wanda ke cikin iska yanzu. Idan ta saki, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi, ya tashi a matsayin iskar kabon da iskar mitan, masu ɗumama duniya. Shekarar da ba a auna ba ta tafi kenan, ba a komawa 2023 a ce bari a ɗauki awon watan Yuli.

Isufu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Alhaji, ni manomi ne ɗan manomi, kuma tambayar da ka yi ita ce tawa, amma amsar da na samu daban. Tsofaffinmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Da farko an ɗora wa talaka laifi, wai kiwo ya yi yawa, wai sare itace ne ya kori ruwa. Daga baya, tun wajen 1986, masana a Ingila suka nuna cewa zafin ruwan teku ne babban dalili: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada da kudanci, sai damina ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Cibiyar AGRHYMET mai bibiyar yanayi da noma da ke Yamai ma saboda wancan farin aka kafa ta a 1974. Ke nan tekun da ba mu taɓa gani ba ya taɓa shiga rumbunmu. Dakta, ina ƙanƙara ta shigo a nan?

Dakta Hauwa: Malam Isufu, ka rage mini aiki. A Atlantika akwai wata babbar kwararar ruwa da ake taƙaita sunanta da AMOC. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya arewa ta sama, idan ya isa wajen Girinlan da Aisilan sai ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙasa. Ita ce ke ɗaukar zafi tana kai wa arewacin duniya, kuma layin ruwan sama na yankinmu yana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. Ruwan da ke narkewa daga Girinlan ba shi da gishiri, ba shi da nauyi, yana zama a sama ya hana nutsewar. Idan kwararar ta yi rauni, arewacin Atlantika ya yi sanyi, damina ta tsaya kudu. Laka da aka haƙo daga ƙasan teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta nuna cewa a zamanin da, dubban shekaru baya, duk lokacin da hakan ta faru Sahel ya sha fari mai tsawo.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 akwai babbar yiwuwar kwararar za ta yi rauni a wannan ƙarni, amma bai sa ran ta tsaya cak kafin 2100 ba, kuma a kan wannan na biyun ƙarfin gwiwarsa matsakaici ne. Wasu masanan suna ganin haɗarin ya fi haka kusa. Abin da ya hana a raba gardamar shi ne gajartar awo. Sai a 2004 aka jera na'urori a faɗin Atlantika, daga wajen tsibiran Bahamas zuwa gaɓar Afirka, aikin da ake kira RAPID. Shekara ashirin da 'yan kai ba su isa a bambance hawa da sauka na al'ada da raguwa ta dindindin ba.

Alhaji Garba: Hajiya Dakta, wato dai su ma ba su daidaita ba.

Dakta Hauwa: Kan rauni sun daidaita, ranka ya daɗe. Kan yaushe da kuma yaya tsananinsa ne ake ja.

Injiniya Bashir: Bari in ƙara na'ura ɗaya, don ba a maganar teku a bar ta. Argo. Kusan guda 4,000 ne ke yawo a tekunan duniya, kowace tsawonta bai wuce na mutum ba. Takan sauka mita 1,000 ta yi ta bin ruwa, duk kwana 10 ta nutse zuwa mita 2,000, sannan ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta koma. Da irin su aka tabbatar cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ke tarawa teku ne ke haɗiye shi. Matsalarsu a ƙuryoyin duniya ita ce rufin ƙanƙara: na'ura ta taso ta tarar ba hanya. Sai aka koya wa wasu su gane akwai ƙanƙara a sama daga sanyin ruwan, su fasa fitowa, su ajiye bayanan har sai an samu buɗi. Wasu masanan kuma suka koma manna ƙananan na'urori a kan dabbar teku da ake kira sil, irin manyan nan na kudu da ke nutsewa fiye da kilomita 1. Dabba na neman abincinta, tana ɗauko awon wurin da jirgi ba ya shiga. Idan ta sake gashi na'urar ta faɗi.

Ummi: Ikon Allah. To su dabbobin, an ga wani canji a jikinsu ko hasashe ne?

Malam Nasiru: An gani, Ummi. Babban tsuntsun fengwin na Antaktika a kan ƙanƙarar teku yake ƙyanƙyasa, kuma 'ya'yan suna buƙatar ta tsaya daram har su yi gashin da ruwa ba ya ratsawa, wajen Disamba. A ƙarshen 2022, a yankin tekun Bellingshausen, ƙanƙara ta farfashe da wuri. Cikin matattara biyar da ake bibiya a wurin, huɗu ba a ga alamar ɗa ko ɗaya ya tsira ba. Masanan hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya ne suka gano, kuma ba da ƙafa suka je ba. Kashin tsuntsayen yana ɓata farar ƙanƙara, tabon yana fitowa a hoton tauraron ɗan'adam.

Akwai kuma kiril, wani ɗan ƙaramin jatan lande da fengwin da sil da manyan dabbobin teku da ake kira wel duk a kansa suke rayuwa. Ƙananansa a ƙarƙashin ƙanƙara suke fakewa da hunturu suna cin gansakuka. Ga raguwar ƙanƙara, ga jiragen kamun kifi suna kwasarsa don abincin kifin gona da man da ake sayarwa a kantin magani. Hukumar ƙasashe da ke kula da halittun tekun kudu ta sa iyakar tan 620,000 a shekara a yankin da aka fi kamawa. A arewa ma, a tekun Bering, ƙaguwa kusan biliyan 10 suka ɓace tsakanin 2018 da 2021 bayan ruwan ya yi zafi, har Alaska ta rufe kamun ta a 2022. Masunta ne suka zauna ba sana'a.

Alhaji Garba: To Malam, an auna, an ƙirga gawa. Sai me? Awo ya taɓa hana wani abu lalacewa?

Dakta Hauwa: Ya taɓa, Alhaji. A tashar Halley ta Birtaniya a Antaktika, tun wajen 1957 ake auna iskar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai ƙuna. Shekara da shekaru ana rubuta lambobi, ba wanda ya damu da su. A 1985 mutum uku, Farman da Gardiner da Shanklin, suka wallafa cewa ozon na saman Antaktika yana zubewa duk watan Oktoba. Sun iya faɗa ne don suna da lambobin shekarun da lafiya lau za su gwada. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal ta daina sinadaran firji da na gwangwanin feshi da ke cin ozon. Yau ramin da ya buɗe a ozon ɗin yana kan hanyar cikewa.

Injiniya Bashir: Anti, a nan zan ɗan ja da ke. Na ozon ya yi sauƙi ne don kamfanoni ƙalilan ke yin sinadarin kuma an samu madadinsa da wuri. Iskar kabon fa? Tun 1958 ake auna ta a dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, daga kashi 315 cikin miliyan na iska ta haura 420. Ƙanƙarar da aka haƙo a Antaktika, mai ɗauke da kumfar iskar shekara 800,000, ta nuna ba ta taɓa wuce 300 ba a duk tsawon lokacin. Hujja ta fi haka? Amma ana nan ana ƙona mai da kwal. Ni ma ina son awo, sai dai kada mu ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Dakta Hauwa: Ban ce awo zai tilasta wa gwamnati ba. Na ce in babu shi ko gardamar ba za a yi ba. Kai kanka da lambobinsa ka kayar da ni yanzu.

Sadik: Ni abin da ke ci mini rai, Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan iskar ba, amma damunarmu ce a kan layi. Kuma a teburin da ake yanke hukunci ba ma nan. Yarjejeniyar Antaktika ta 1959, ƙasashe 12 suka fara sa hannu, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyar nan, har yau kuma ita kaɗai ce. Tana da tasharta SANAE, tana da jirginta S.A. Agulhas II. Mu fa?

Isufu Maraɗi: Sadik, kafin mu kai ga jirgi, mu duba ma'aunin ruwan sama. Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗa cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancin tashoshin awo. Idan masana suka ce raunin waccan kwararar zai taɓa damina, da me za a gwada in babu lambobin Maraɗi da Katsina da Damagaram na shekara hamsin a jere? Rabin awon nasu ne, rabi namu ne, kuma namu ba ya buƙatar mai fasa ƙanƙara.

Alhaji Garba: Wannan kam na yarda da shi, don shi ina ganinsa da idona. Na fengwin dai ku bar ni tukuna.

Ummi: Anti Dakta, ɗalibi daga nan zai iya taɓa irin waɗannan bayanan, ko sai wanda ke jami'o'in waje?

Dakta Hauwa: Zai iya. Bayanan Argo kyauta ne ga kowa, yawanci cikin kwana guda da tasowar na'ura suke hawa intanet. Alƙaluman faɗin ƙanƙara na kullum suna shafin NSIDC, cibiyar bayanan ƙanƙara da ke Kolorado a Amurka. Na RAPID ma a buɗe suke. Abin da za ki nema shi ne lissafi, da ɗan sanin Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, da haƙuri. Ki fara da na ƙanƙarar Satumba daga 1979, ki zana shi da hannunki, sannan ki nemi ruwan saman garinku na shekarun nan ki ajiye gefe. Kada ki yi saurin cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya don kin ga layuka biyu sun yi kama, nan ne masu farawa suka fi faɗawa.

Injiniya Bashir: Ummi, na NSIDC ƙaramin fayil ne, ko a waya zai sauka. Na Argo gaba ɗayansa kada ki gwada da datar wayarki, ki zaɓi yanki ɗaya kawai, misali mashigin tekun Gini. Idan kin maƙale ki yi mini magana bayan Isha'i.